Ranar da Usur Ya Ɗaure Wa Kansa Haƙora

Tun daga bakin layi ya gane tafiyarta, ya kuma gane ba lafiya ba. Auta ba ta zuwa rumfarsa da tsakar rana, ba ta kuma taɓa fitowa da gyale a karkace ba.

Usur ya sauke wilin keken da ke kan cinyarsa, ya goge hannu a jikin wando.

"Lafiya?"

"Ina fa lafiya." Ta zauna a kan bencin masu jiran gyara, ko baƙin man da ke kai ba ta duba ba. "Baba ya yanke. Ranar Asabar."

"Wace Asabar?"

"Asabar nawa ka sani? Wannan mai zuwa. Yau Talata, ka ƙirga da kanka."

Sai hawaye, shar, kamar an kwance famfo.

Usur ba sunansa na gaskiya ba ne. Tun yana yaro haƙoransa na sama suka turo waje suka bar na ƙasa a baya, ga giɓi a tsakanin biyun tsakiya wanda za a zura tsinken ashana biyu su wuce. Leɓɓansa ba sa haɗuwa. In zai ce "sannu", iska ta riga maganar fita da fito. Yaran makaranta suka sa masa Usur, sunan ya bi shi har girma, har ya binne na asalin. Shi kuwa sai ya koyi shiru. Hannunsa ya zama bakinsa: duk wilin da ya lanƙwashe a unguwar, wurinsa ake kawowa.

Uban Auta kuwa, Tafinta ake ce masa. Shekara talatin ya yi a tsaye a kotu, tsakanin alƙali da mutanen da ba sa jin harshen alƙali. Wata bakwai da suka wuce Usur ya je gaishe shi. Sau uku tsohon yana cewa "Me ka ce?" A na ukun ya ajiye jarida ya ce:

"Yaro, ba na ƙin ka. Amma na ga mai gaskiya ya tafi gidan yari saboda bakinsa ya kasa fitar da shi. Na gaji da ɗaukar maganar wasu a bakina. 'Yata ba za ta auri mutumin da ranar da ta shiga uku sai an nemo masa tafinta ba."

Washegari Usur ya je wurin likitar haƙori. Ta manna masa ƙananan ƙarafuna a kan haƙora, ta bi su da waya, duk wata yana komawa tana ƙara ɗaurewa kaɗan. Yanzu leɓɓansa suna haɗuwa. Giɓin ya ragu da rabi. Amma fiton yana nan, kuma likita ta ce saura wata takwas.

"Gwaggo ce ta tayar da maganar," in ji Auta tana share hanci da bakin gyale. "Jiya ta zo ta baje a falo, wai an ajiye ni kamar kayan gado. Wai ga mutum mai mutunci yana sintiri wata biyar ana ja masa rai saboda mai faci."

"Ni ba faci kaɗai nake yi ba."

"Ni kake gaya wa? Je ka gaya wa Gwaggo."

Mutum mai mutuncin shi ne Mai Labarai, wanda ke karanta labaran safe a gidan rediyo. Murya gare shi kamar ana zuba zuma a kunne. Tsofaffin mata kan ce ko mutuwa ya sanar sai ka ji daɗi.

"Baba ya ce ku zo ku biyu," ta ci gaba. "Kowa ya faɗi abin da ya kawo shi da bakinsa. Ba wakili, ba takarda. In har sai ya ce maka 'me ka ce', ko sau ɗaya ne, to..."

Ta rufe fuska da gyale.

Usur ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Wato a haɗa ni kokawar baki da wanda baki ne sana'arsa."

"Ka ji yadda ka ce 'baki' yanzu? Da can ba ka iya haɗa leɓe ka faɗe ta. Wallahi ka canja, ni ina ji."

"Da na ce 'sana'arsa' fa? Me kika ji?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ji fiton, ba za ta yi masa ƙarya ba.

"To ka kauce wa kalmomin da ke maka haka."

"In kauce wa sallama? In kauce wa 'ina son ta'? To me zan je in faɗa, in tambaye shi ko yana da keke?"

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, sai kukan ya dawo da ƙarfi. Ta kama gefen bencin da hannu biyu.

"Ni dai na gaya maka. In aka ba ni mutumin nan, gangar jiki za su kai masa. Ba ya magana da ni, karanta min yake yi. Ko ruwa zai ce in ba shi sai ya gyara murya. Don Allah kar ka bari. Ka yi wani abu."

"Me zan yi, Auta?"

"Ban sani ba! Kai ne mai gyara, ka gyara!"

Ta tashi ta tafi. Maganar kuwa ta zauna a rumfar, ta ƙi tafiya.

Laraba da safe yana kan doguwar kujerar likita, fitila a fuskarsa, warin magani a hancinsa. Likitar gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta san kwana-kwana ba.

"Likita, a ƙara ɗaurewa."

"Mako biyu da suka wuce na ɗaure."

"A ƙara. A haɗe giɓin nan kafin Asabar."

Ta zare tabarau ta dube shi. "Kafin Asabar. Ƙofar shago ce, in jawo in sa kwaɗo?"

Ya kwashe labari ya gaya mata, a taƙaice, yadda ya saba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta jawo kujerarta kusa.

"Ji nan. Haƙori a cikin ƙashi yake a dashe, kamar itace a ƙasa. Wayar nan tura shi take yi a hankali, ƙashin gaba yana ba shi hanya, na baya yana cikewa. In aka fizge shi, jijiyar da ke ciyar da shi za ta tsinke. Giɓin nan shi ne ƙofar da iska ke tsere maka, kuma kullum raguwa yake yi. Ranar da ya rufe, harshenka ya sami bangon jingina, fiton zai tafi. Shi ma harshen sai ya koyi zama a cikin gida, shekara ashirin da takwas yana leƙe ta taga. Kana yin abin da na koya maka?"

"Ina yi. Kan harshe a bayan haƙoran sama. Kalma ɗaya-ɗaya."

"To ka je wa tsohon da bakin da kake da shi. Ya fi na wata bakwai da suka wuce nesa ba kusa ba."

"Ba zai isa ba."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Tashi, akwai masu jira."

Yana saukowa idonsa ya faɗa kan faranti mai kayan aikinta. Ga abin da take murɗa waya da shi nan a kwance. Ƙarami ne, yana sheƙi, amma duk yadda aka juya shi filaya ce. Irinta uku gare shi a akwati.

Da ya koma rumfa bai fi awa ɗaya ba sai ga farar mota ta tsaya. Mai Labarai bai fito ba, gilashi kawai ya sauke. Ƙamshin turarensa ya danne warin man keke.

"Sannu da aiki, Malam Usur. An ce za mu haɗu ranar Asabar."

Usur ya gyaɗa kai.

"Na ce bari in tsaya in ba ka shawara irin ta 'yan'uwa. Janyewa ba kunya ba ce. Kunya ita ce a tsayar da mutum a gaban yarinyar da yake so ana ce masa ya maimaita." Ya gyara agogon hannunsa. "Amma in ka nace, rubuto min naka. In na gama nawa sai in karanta maka. Taimako ne, don Allah."

Ya yi murmushi da fararen haƙora jere kamar an sa musu magwaji, ya ɗaga gilashi, ya ja mota.

Usur ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

Sannan ya jawo ƙofar rumfa ya bar ɗan haske. Ya ɗauko madubin babur ya matse shi a jikin teburin aiki. Ya warware tsohuwar wayar burki ya zaro sili ɗaya, siriri kamar gashi. Har ya tafasa ruwa ya jefa silin da filayar a ciki, don kar a ce bai yi tsafta ba.

Shekara goma sha biyu yana miƙar da wili. Ya san inda ƙarfe ya kauce, ya san wace waya za a ja ya dawo. Ya kuma san abu ɗaya fiye da kowa: ba a jan waya a lokaci guda. Kwata za ka murɗa, ka juya wili, ka duba, ka sake kwata. Sau nawa ya zagi masu keke da suka ɗaure da kansu har ƙarfen ya tsage? Amma laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani.

Ya zagaya silin a kan ƙarafunan haƙoran tsakiya guda biyu, ya haɗa bakinsa, ya kama da filaya.

Murɗa ta farko, hawaye ya cika masa ido.

Ta biyu, ya ji zafin har cikin ƙwaƙwalwa.

Ta uku, wani abu ya ce ƙas a can cikin dasashi, ƙasa-ƙasa, shi kaɗai ya ji. Ya dafa tebur.

Da duhun idon ya washe sai ya duba madubi. Giɓin ya kusa rufewa. Ko tsinke ɗaya ba zai wuce ba.

"Sannu," ya ce wa madubin. "Sannu. Ina son ta."

Fiton ya yi ƙasa. Wallahi ya yi ƙasa. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki yana dariya, jini yana bin gefen bakinsa.

"Wata takwas," ya ce. "Ga shi na yi a minti biyar."

Alhamis ya tashi leɓensa na sama ya kumbura kamar burodi. Ya ce wa Yaya zuma ce ta harbe shi.

Yaya ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, gida ɗaya suke, kekenta na ɗinki a tsakar gida. Ta dube shi ta kan kafaɗa ta ci gaba da ɗinki. Juma'a da safe ta ga ya kai kofin shayi baki ya sauke, ya sake kaiwa ya sauke, gumi yana tsatso masa. Ta tsayar da ɗinkin ta taso.

"Buɗe."

"Yaya, zuma ce."

"Na ce buɗe, kafin in buɗe maka."

Ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske. Ta ga dasashin ya yi jawur ya haye kan ƙarfe, ta ga baƙon sili a murɗe, ƙarshensa a lanƙwashe tsaf irin ɗaurin da ta sha gani a jikin burkin keke.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kai ka yi wannan?"

Ya kawar da ido.

"Kai wili ne? Uwarmu wili ta haifa ban sani ba? Ka ga mutum har da gemu, hankali ko na kaza babu! Tashi mu je. Tashi, ko in kira maƙwabta su ɗauke ka kamar buhu."

Likita ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan muni. Ta datse silin, ta ɗaga shi a gaban fitila, ta jefa a faranti. Ta sa yatsa ta taɓa haƙorin dama, ya tsaya. Ta taɓa na hagu, ya motsa. Usur ya ji motsin har tafin ƙafarsa.

"Wannan ya girgiza daga tushe," ta ce. "Zan haɗa shi da maƙwabtansa su riƙe shi, in sassauta sauran. Ko zai rayu, ko zai yi baƙi ya mutu, sai nan da makonni za mu sani. Giɓin da ka rufe kuma zai sake buɗewa, don ba tafiya haƙoran suka yi ba, kwantar da su ka yi. Wata takwas ɗin nan ya zama shekara, in an yi sa'a."

Yaya ta ɗora hannu a ka.

"Ba tauna," in ji likita. "Ba doguwar magana."

"Gobe Asabar," ya ce, da ƙyar.

"Na sani. Ni ma ina da kalanda."

A hanya Yaya ta yi ta yi da shi. "Kar ka je. A aika a ce ba ka da lafiya, ai ba ƙarya ba ne. Ka je da wannan bakin su mai da kai abin dariya?"

"In ban je ba, da hannuna na ba shi ita."

"To in ka ƙi ji, in an tambaye ka ka ce faɗuwa ka yi daga keke. Ka ji ni? Faɗuwa. Kar ka kuskura ka gaya wa tsohon nan haukar da ka yi."

Asabar da yamma ya yi sallama a falon Tafinta. Kabad cike da ƙamus da tsofaffin fayil, agogon bango yana ta ƙwas-ƙwas. Tsohon yana kan kujerar tsakiya. Gwaggo, ƙanwarsa, tana damansa ta cika kujera da turare. Mai Labarai ya riga shi zuwa, ya harɗe ƙafa. Auta tana ƙasa a bakin ƙofar ciki, kanta a sunkuye. Ta ɗago sau ɗaya, ta ga leɓensa, ta dafe ƙirji.

"To fa," in ji Gwaggo. "Da na da ma yaya aka ƙare, balle an ƙaro kumburi."

"Ya isa," in ji Tafinta. Ya nuna Mai Labarai. "Kai ka fara zuwa. Bismillah."

Ya rufe ido, yadda yake yi a kotu in zai ɗauki magana.

Mai Labarai ya gyara murya. Ya fara da godiya, ya gangara kan darajar iyaye, ya hau kan aure da matsayinsa, ya sauko kan gidan da ya gina da ɗakin da ya ware. Magana tana fita sumul, ba tuntuɓe, ba gargada. Gwaggo tana ta gyaɗa kai tana "Allah Sarki". Agogo ya ci minti goma sha biyar kafin ya dire.

"Na ji," in ji Tafinta, ido a rufe. "Kai kuma."

Usur ya sauka daga kujera ya durƙusa. Zuciyarsa tana bugawa, haƙorin yana amsa mata. Ya kai kan harshensa bayan haƙoran sama. Wurin kamar garwashi. Ya bar shi a nan.

"Baba." Ya tsaya. "Ni mai gyaran keke ne."

Kalma ɗaya. Numfashi. Wata kalmar.

"Ina son Auta."

Siririn fito ya bi bayan maganar. Mai Labarai ya sa hannu ya rufe baki. Auta ta zabura.

"Baba, cewa ya yi..."

"Wa ya ɗauke ki aiki?" in ji tsohon, bai ko juya ba. "A gidan nan tafinta ɗaya ne, shi ma ya ajiye. Ci gaba, yaro."

Usur ya haɗiye abin da ya taru a bakinsa. Ɗanɗanon ƙarfe da jini.

"Ba ni da baki mai daɗi. Abin da ka faɗa min ranar nan, gaskiya ne. Na ji zafi, amma gaskiya ne. Shi ya sa na je aka sa min wannan." Ya tsaya, gumi ya sauko masa ta gefen kunne. "In ta shiga damuwa, zan tsaya in yi magana. Ko a gaban wa. Ko za a yi dariya. Kamar yadda ake yi yanzu."

Ya sauke ido ƙasa ya jira. 

Agogo ya yi ta bugawa. Auta ta cusa bakin gyale a baki. Tafinta ya buɗe ido a hankali.

"Na ji," ya ce. "Ban rasa ko ɗaya ba."

"Haba dai!" in ji Gwaggo. "Wannan abin da sai ka kasa kunne kamar mai sauraron ɓera?"

"Ke kike kasa kunne. Ni shekara talatin ina cin abinci da nawa. Wata bakwai da suka wuce yaron nan in ya ce 'Baba' iska nake ji. Yau leɓɓansa sun haɗu, kalma tana fita da kai da ƙafa. Fiton yana nan, amma ya koma bayan magana, da can shi ne a gaba." Ya karkato. "Sai dai ina da tambaya. Me ya sami bakinka?"

Ga ƙaryar keken nan a kan harshen Usur, Yaya ta ɗora masa ita tun jiya. Faɗuwa. Kalma ɗaya, ko fito babu a cikinta.

Ya dubi tsohon. Idon da ya ga maƙaryata dubu.

"Ni na yi."

"Kamar yaya?"

"Likita ta ce saura wata takwas. Na ga Asabar ta matso. Na sa waya da filaya na ɗaure da kaina."

"Filaya!" Gwaggo ta tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ji! A bakinsa!"

Mai Labarai ya saki dariyar da yake riƙewa. Tafinta bai yi ba.

"Yanzu me likitar ta ce?"

"Shekara. Kuma haƙori ɗaya, ba a sani ba ko zai rayu."

Wani sauti ya fita daga maƙogwaron Auta, kamar an taka ta.

Tsohon ya jingina da kujera, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin.

"A kan sharaɗin da na kafa, ka ci," ya ce. "Ban ce ka maimaita ba. Kuma an ba ka hanyar ƙarya ka ƙi bi, na gani a idonka. Amma ka shigo min da wata ƙarar da ban san da ita ba. Mutumin da aka ce ya jira, ya ɗauki ƙarfe ya murɗe naman jikinsa don wata takwas sun yi masa tsawo. To ranar da 'yata ta ƙi miƙewa yadda kake so, me za ka ɗauko?"

"Baba, wallahi ba zai..."

"Ba ke na tambaya ba."

Usur ya ɗago kai. 

"Ba ni da amsa, Baba. Wauta na yi."

"To ga nawa hukuncin. Daga yau kar in ga ƙafarka a layin nan. Ba waya, ba saƙo, ba aike. Ranar da likita ta cire ƙarfen nan da hannunta, ba da naka ba, ka dawo mu yi magana. In ka iya jiran haƙori, ka iya zama da mace." Ya juya ga Mai Labarai. "Kai kuma ban kore ka ba. Ƙofa a buɗe take, in ita ta ga dama ta fito."

Sannan ya dubi 'yarsa, karo na farko tun da aka zauna.

"Saura ke. Shekara ce, ba mako ba. Ko ki jira wanda ban tabbata shi zai iya jira ba, ko in sa rana da wannan yanzu, ga gwaggonki a zaune. Zaɓi."

"Ke Auta, ki yi wa kanki faɗa," in ji Gwaggo. "Sa'anninki duk suna ɗakunansu. Za ki zauna kina tsofewa kina jiran haƙori? Haƙorin ma da ba a san ko zai kwana ba?"

Auta ta ce wani abu a cikin gyale.

"Ban ji ba," in ji Tafinta.

Ta cire gyalen daga baki. Fuskarta sharkaf da hawaye, amma har tsakar gida an ji ta.

"Zan jira, Baba."

Gwaggo ta miƙe tana salati tana neman takalmi. Tsohon ya ɗauki jaridarsa ya buɗe, alamar kotu ta tashi.

Usur bai kalli Auta ba. Ya san in ya kalla ba zai iya fita ba, kuma shekarar ta riga ta fara. Ya sa takalmi ya fito.

A bakin ƙofar gida Mai Labarai ya cim masa, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Murmushin yana nan, amma zumar ta tsinke daga muryar.

"Kar ka yi murna, mai faci. Shekara doguwa ce. Kai an rufe maka ƙofa, ni an bar min. Kuma ko ban zo ba, kullum da safe muryata ce za ta tashe ta daga barci. Kai fa, da me za ta tuna ka?"

Usur ya tsaya. Ya tofar da jinin da ke bakinsa a kwata. Haƙorin hagu ya ɗan motsa a ƙarƙashin harshensa, ya ji shi sarai. Bai yi sauri ba. Ya sa harshen inda aka koya masa, ya jira zafin ya lafa, sannan ya dubi mutumin ido cikin ido.

"Sai ta kashe rediyon."